Ranar da Aka Kifa Yusufu

Shagon Genzo Michiwaki yana gindin tudu, gidansa kuma yana can sama, matakala ɗari da goma sha huɗu tsakaninsu. Ya san adadin daidai, domin Fada, limamin cocin da ya koya musu lissafi a makarantar mishan ya sa musu ɗabi'ar ƙirga duk abin da ƙafa ta taka. A unguwarmu ta Nagasaki, wanda bai iya hawa ba bai iya zuwa gida ba.

An haife shi a tsibiran Goto a 1944. Ubansa masaƙin tabarmar ɗaki ne, a hannunsa ya koyi riƙe babbar allura. Yana da shekara goma sha biyar ya hau jirgin ruwa ya zo birni, ya shiga koyon ɗinkin kujerun mota. A 1969 ya auri Kinue, a shekarar kuma suka buɗe shago. Motocin lokacin suna da ƙamshin ulu da man inji, ƙofofinsu kan rufe da nauyi kamar ƙofar coci. Genzo yakan ce motocin yanzu ba su da ƙamshin komai.

Aikin kafet a rabe yake tsakaninsu, ko da yake ba su taɓa zama sun raba ba. Genzo ne ke shiga cikin mota ya shimfiɗa takarda, ya bi kowace kwana da yatsa, ya yanke samfuri. Kinue ke ɗora samfurin a bayan kafet, ta zana da alli, ta yanka. Shi kuma ya ɗinke baki, ya shafa gam, ya manna. Takardar da suke amfani da ita tsohuwar kalandar coci ce, mai kauri, kowane wata da hoton waliyyi. Duk ƙarshen shekara 'yan coci sukan tara musu. Genzo bai taɓa shimfiɗa ta ba sai hoton yana kallon sama.

Idan Kinue ta zo zane, takan yi ɗan gunaguni ƙasa-ƙasa. Tun suna sabon aure yake mata ba'a a kai.

"Ke da wa kuma?"

"Ba da kai ba dai."

Haka aka yi shekara arba'in da huɗu, har gwiwoyinta suka ƙi. Likita ya ce matakala ba tata ba ce kuma. Ta koma zama a gida, Genzo ya rage aiki, ya tsaya kan kujeru kawai. Duk wanda ya kawo aikin kafet sai ya tura shi wani shagon, ya ce ba shi da lokaci.

Ana nan sai Fukahori ya zo. Bakanike ne mai shekara sittin, ya shafe shekara shida yana gyara tasin marigayi mahaifinsa, baƙar mota ƙirar 1967. Inji ya tashi, fenti ya hau, kujerun ma Genzo ne ya ɗinka. But ɗin, wurin kaya na bayan motar, shi kaɗai ya rage tsirara. Fukahori ya shigo da naɗin kafet a kafaɗa ya sauke a kan tebur, ruwan toka, mai ƙananan madaukai, irin wanda aka daina saƙawa tun da daɗewa.

"Baba Genzo, a rumbun wani tsohon shago na samo shi a Sasebo. Shi ke nan, babu wani. Na bincika har Osaka."

Genzo ya shafa kafet ɗin, ya shinshina shi, ya ɗauko awo. Mita ɗaya da santimita tamanin. But ɗin zai ci kusan duka.

"Wa zai leƙa but? Sa baƙar roba ka huta."

"Tsohona zai leƙa," in ji Fukahori yana dariya. "Ka san shi. Yakan ce fasinja a kujera yake zama, amma mutuncinsa yana cikin but. Duk wanda ya kai tashar jirgi, da hannu biyu yake ajiye masa akwati."

Genzo ya san shi kuwa. Tasin nan ce ta kai Kinue asibiti ranar da aka haifi 'yarsu Sayo. Bakinsa ya kasa cewa ba shi da lokaci.

Bai gaya wa Kinue ba sai da ya gama samfuri. Kwana biyu ya yi a durƙushe cikin but ɗin. Ba but ne mai sauƙi ba. A hagu akwai bututun mai da ya kutso ciki, dole a yi masa gurbi. A dama kuma akwai ramin da safayar taya ke tsayawa. Ya haɗa watanni shida na kalanda da salatif, hoton Waliyyi Yusufu kafinta, mijin Maryamu, na watan Maris ya faɗo a tsakiya, riƙe da zarto. Genzo ya ga wannan alama ce mai kyau.

Ranar Alhamis da safe ya shimfiɗa kafet a kan tebur, bayansa a sama, don alli ba ya kama gashi, almakashi kuma daga baya yake bi. Ya ɗora samfurin, Yusufu yana kallonsa. Ya danne kusurwoyi da duwatsu huɗu, ya fere alli, ya zana a hankali, yana ƙirga numfashi. Layin ya fito tsaf, ko Fadan lissafi ba zai sami abin gyara ba. Ya ɗauko babban almakashin Kinue, ya sa shi a bakin kafet. Daidai nan ƙararrawar coci ta buga sha biyu.

Tun yana ɗan makaranta, in ƙararrawar rana ta buga, abin da ke hannunsa ajiyewa yake. Ya ajiye almakashin, ya yi addu'arsa a tsaye, ya kulle shago, ya kama hawa.

Kinue ta riga ta jera abinci a ƙaramin tebur, shinkafa da miyar wake da gasasshen kifi. Ta dubi hannunsa.

"Baban Sayo, wannan alli ne a yatsunka?"

"Alli ne."

"Kujera ba ta cin alli."

Sai ya ba ta labari, yana ci yana ƙoƙarin nuna abin ba wani abu ba ne. Ya faɗi tsawon kafet ɗin, ya faɗi cewa babu na biyunsa a ƙasar nan, ya ce ya riga ya zana, bayan abinci zai yanka.

"Wa ya faɗo a tsakiya?"

"Yusufu."

"Da kake zanawa, ina yake kallo?"

"Ni yake kallo mana. Ina kike so ya kalla?"

Kinue ta ajiye tsinken cin abincinta.

"Ka yanka?"

"Na ce miki sai an jima."

"Ko tsawon farce?"

"Haba tsohuwa, ƙararrawa ta buga."

"To Allah ya yi wa mai buga ƙararrawar nan albarka. Ka je ka kifa shi."

"In kifa waliyyi? A kan tebur mai gam?"

"Kai da bayan kafet kake aiki, ba da fuskarsa ba. In ka yanka haka, ka juya, gurbin bututun mai zai koma dama, ramin taya ya koma hagu. Sai dai Fukahori ya sayi motar da aka ƙera a cikin madubi."

Genzo ya tsaya da loma a baki. Ya ɗaga tafin hannunsa ya duba, ya juya shi, babban yatsa ya koma ɗaya gefen. Da wani ɗan koyo ya tambaye shi wannan a baki, da ya ba da amsa daidai, har ya haɗa da faɗa. Amma bai taɓa yi da hannunsa ba, ko sau ɗaya, kuma hannun ya saba waliyyai sama suke kallo.

"Ke nan duk shekarun nan kifa su kike yi?"

"Kowane ɗaya. Har Uwargida Maryamu."

"Gunagunin nan fa?"

"Haƙuri nake ba su. Me kake tsammani? Zagin ka?"

"Na ɗauka haka."

"Wani lokaci kam," in ji ta, ta tura masa kwanon miya.

Bai ƙarasa abincin ba. Ya sauka, ya kira Fukahori a waya ya ce ya zo da ƙarfinsa. Suka naɗe kafet da samfuri, Genzo ya sa almakashi da alli a jaka, suka kama hawa, ɗaya a gaba ɗaya a baya. A mataki na sittin Fukahori ya tsaya yana haki.

"Baba, me ya sa ba za ka kifa shi kawai a shago ba? Ai yanzu ka sani."

"Wanda na sani ke nan. Sauran da ban sani ba fa? Ɗauki mu tafi."

Ashe kuwa da saura. Aka ture tebur, aka shimfiɗa kafet a tsakar ɗaki, Kinue ta zauna ta miƙe ƙafafu. Ta goge tsohon layin da ɗanyen tsumma. Ta shafa gashin kafet ɗin gaba da baya, ta sa aka juya shi kai ya koma ƙafa, don gashin ya kwanta wajen bakin but, akwati ya fito da sulɓi. Genzo bai san da wannan ba. Ta ɗauki samfurin da hannu biyu.

"Yusufu, yi haƙuri, minti goma ne. Kai ma mai sana'a ne, ka san hali."

Ta kifa shi. Fukahori, wanda ba ɗan coci ba ne, ya rusuna wa takardar don kada a ce bai gaisa ba. Wajen gurbin bututu ta bar rarar faɗin yatsa ɗaya a waje da layi, ta ce tsohon kafet yakan ja baya in ya ji gam. Wannan ma Genzo bai sani ba. Yana durƙushe yana riƙe mata kusurwa, yana kallon yadda almakashin ke tafiya a hannunta ba gargada.

Ranar Asabar ya ɗinke baki da ƙyalle ruwan toka, ya shafa gam, ya jira ya sha iska, ya shimfiɗa daga tsakiya zuwa gefe. Gurbin ya rungumi bututun kamar tare aka yi su, rarar yatsan nan ta shige ba a ganinta. Fukahori ya ɗauko tsohon akwatin fata na mahaifinsa, ya ajiye shi a ciki da hannu biyu, ya ja shi waje, ya sake mayarwa. Ya daɗe a tsaye bai rufe but ɗin ba.

Da rana Genzo ya hau gida riƙe da ƙyallen da ya rage, bai kai tafin hannu biyu ba. Ya ajiye mata a gefen tebur, ya zauna a kan ƙafafunsa kamar baƙo, ya sunkuyar da kai.

"Maman Sayo, na gode."

"Da me?"

"Da na Alhamis. Da na shekara arba'in da huɗu."

Kinue ta ɗauki ƙyallen ta juya shi, ta duba yankan, ta ɗora butar shayi a kai.

"Sai yau ka ga dama? To na karɓa. Yusufu yana ina?"

"Yana shago, na rataye shi a bango."

"Yana kallon ina?"

"Yana kallon tebur."

"Madalla. Ya riƙa sa maka ido. Ci abinci kafin ya huce."

Tun daga makon nan Genzo ya koma karɓar aikin kafet. Samfuri a shago, yanka a gida, matakala ɗari da goma sha huɗu da naɗi a kafaɗa.