Ranar da Tineke Ta Ga Saratu

Duk wanda ya saba cin kasuwar Alhamis ta garinmu, nan lardin Drenthe a ƙasar Turawa, ya san Tineke Wubs ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan siririya ta rumfar cuku, wadda ke miƙo maka ɗanɗano tun ba ka buɗe baki ba, ta tsare ka da ido har sai ka ce ya yi daɗi. Shekara ashirin da bakwai tana bayan teburin nan. In ka ce ta yanko maka rabin kilo, sau ɗaya take danna wuƙa, a ɗora a sikeli ka ga bai wuce ba bai gaza ba. Ba ta shan taba, ba ta da ƙiba ko ta sisin kwabo, kuma kullum a keke take zuwa, kilomita tara zuwa tara komawa, ko ana ruwa ko ana iska. Da za a ce a nuno mace mai lafiya a garin nan, ita za a fara nunawa, kuma da an tafka kuskure.

Tana da shekara goma sha takwas mahaifiyarta Aaltje ta yanke jiki ta faɗi a lambun gidansu tana shanya wanki. Kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa. Shekararta arba'in da takwas. Aka ce zuciya ce, aka yi jana'iza, aka sha kofi da kek, kowa ya kama gabansa. Mutanenmu ba su iya doguwar magana a kan ciwo ba. Ko ƙafar mutum ce ta guntule ka tambaye shi jiki, ce maka zai yi da sauƙi. A haka Tineke ta tashi. Ta yi aure, ta haifi 'ya ɗaya mai suna Wietske, auren ya mutu, ta ci gaba da yanka cukunta.

Akwai wata magana da ake yi a danginsu kamar wasa. A nan, mace in ta cika shekara hamsin cewa ake ta ga Saratu, matar Annabi Ibrahim. 'Yan'uwa su haɗa mutum-mutumin tsohuwa, su cusa masa busasshiyar ciyawa, su girke shi a ƙofar gida don duk mai wucewa ya san an tsufa. To matan gidan su Tineke, in ji masu barkwanci, ba sa ga-maciji da Saratu, wai ba sa kaiwa su gan ta. A yi dariya a wuce. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa taya su dariyar ba, wato Tante Geesje, ƙanwar mahaifiyar Tineke, don a nan tante ake ce wa inna ko gwaggo.

Tante Geesje tsohuwar tela ce, gajera, mai baki kamar almakashinta. Ba ta taɓa aure ba, kuma ba ta taɓa neman shawarar kowa a kan haka ba. Kamar kowane gida, ita ma akwai kalandar ranakun haihuwa rataye a jikin ƙofar bayinta, irin wadda ba ta da shekara, watanni ne kawai da sunayen dangi. Sai dai mutane in wani ya rasu sukan goge sunansa, ko su sayo sabuwa. Ita kuwa ba ta taɓa goge kowa ba. Takan ɗauki fensir ta yi ɗan gicciye kusa da sunan, ta rubuta shekarun da mutumin ya yi a duniya. Dangi sun yi mita har sun gaji, suna cewa ka shiga bayin Tante Geesje kamar ka shiga maƙabarta. Amsarta ɗaya ce: wanda bai so ya riƙe har ya isa gidansu.

A shekarar da Tineke ta cika arba'in da shida wata irin gajiya ta sauko mata. Ta kwanta da wuri ta tashi a gajiye. In ta hau keke iska tana turo ta ta gaba, sai muƙamuƙinta ya kama ciwo, zuciyarta ta dinga tashi, ta sauka ta tura keken har abin ya lafa. Da ƙyar ta je wurin likitan unguwarsu. Ya tambaye ta ko akwai ciwon zuciya a gidansu.

Ta ce, “Mahaifiyata ce dai, ita ma abin ya daɗe.”

Ya dubi siririyar mace mai hawan keke, ya ce mai yiwuwa al'ada ce ke shirin ɗaukewa. Ya ce ta sha farasitamol, maganin da likitocinmu za su ba ka ko da kanka aka sare, in bai daina ba ta dawo bayan mako biyu. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Abin da aka ba shi da shi ya yi aiki.

Ranar Lahadin makon nan Tante Geesje ta cika saba'in da uku. Aka jera kujeru a falo aka yi da'ira kamar kullum, duk wanda ya shigo sai ya bi kowa da kowa yana cewa barka da tantenka, barka da maƙwabciyarki, kafin ya sami wurin zama. Tineke ta iso a makare, fuskarta ta yi fari fat. Ta karɓi kofi, ta ajiye kek ɗinta a cinya ba ta taɓa ba, ta tallafe muƙamuƙinta da tafin hannu. Tsohuwar tana riƙe da butar kofi ta tsaya cak a tsakiyar falo.

“Haƙori ne?”

“Ina jin shi ne, Tante. In na hau keke yake tashi.”

“Haƙori ya san keke? Tashi ki je bayi.”

“Ba abin da nake ji.”

“Ban ce ki yi komai ba, 'yar nan. Karatu za ki yi. Ki fara daga Janairu, kada ki tsallake ko wata ɗaya.”

Aka kwashe da dariya, wani ya ce tsufa ya fara taɓa Geesje. Tineke ta tashi don kawai a bar maganar. Ta rufe ƙofa ta zauna a kan murfin masai, ga kalandar a gabanta, wadda ta fi shekara talatin tana gani ba ta taɓa karantawa ba. Janairu, kakarta Roelfien, gicciye, arba'in da tara. Maris, Tante Hillie, yayar mahaifiyarta, arba'in da biyar. Mayu, kawunta Harm, wanda aka ce aikin gona ne ya kashe shi, arba'in da ɗaya. Yuni, Aaltje, arba'in da takwas. Satumba, Marjan, 'yar Hillie, wadda suka yi wasan ƙasa tare, arba'in da bakwai. Ta san kowace mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ta je jana'izar uku a ciki, amma ba ta taɓa ganinsu a jere ba. Da ta buɗe Nuwamba ta ga nata sunan, gefensa fili ba a rubuta komai ba, tsoro ya kama ta.

Ta fito ta tarar da tsohuwar tsaye a bakin ƙofa. Tante Geesje ta rage murya ta ce, “Uwarki mako biyu ta yi tana riƙe da muƙamuƙinta haka. Har ta karɓi rana a wurin likitan haƙori. Ranar Talata aka ba ta, ta faɗi ranar Litinin. Gobe da safe za mu koma wurin likitanki, ni da ke. Kuma a mota, kada in ga kin taɓa keken nan.”

Washegari ta cire kalandar daga jikin ƙusa ta zura a jakar cefane. A ofishin likita ba ta jira a ba ta kujera ba, ta shimfiɗa masa ita a kan tebur.

“Ɗan nan, ɗaya ta faɗa maka. Ga sauran.”

“Wannan kuma daga ina?”

“Daga bayina. Kada ka damu, na goge ta.”

Likitan ya fara buɗawa yana murmushi. Kafin ya kai Yuni murmushin ya ɗauke. Ya tambayi yadda kowannensu ya rasu, Tante Geesje ta zayyana masa dalla-dalla: wannan a coci, wannan a bakin murhu, wannan a kan keke. Bai bari sun koma gida ba, a ranar ya tura su asibiti.

Aka auna jinin Tineke aka tarar kitsen da ke cikinsa ya ninka na mutane. Likitar zuciya ta zaunar da ita ta yi mata bayani cewa wannan gado ne, da shi aka haife ta, ba cuku ne ya jawo shi ba, kuma rama ba ta hana shi. Duk wanda yake da shi, kowane ɗan da ya haifa ko ya ɗauka ko ya tsallake, rabi da rabi. Ta ce mata kuma zuciyar mace sau da yawa ba a ƙirji take kuka ba, takan zo da gajiya, da tashin zuciya, da ciwon muƙamuƙi ko baya. Ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke ba zuciyarta jini saura ƙiris ta toshe. Suka zura ɗan ƙaramin bututu suka buɗe ta, aka ɗora ta a kan ƙwayar da za ta riƙa sha kullum har ƙarshen rayuwa.

Gaskiya ba godiya ce ta fara zuwa mata ba, haushi ne. Tana kwance a gadon asibiti ta ce, “Tante, shekara nawa kina kallon lambobin nan, ba ki taɓa cewa komai ba?”

Tsohuwar ta zauna a bakin gadon. Sannan ta ce, “Na ɗauka ƙaddararmu ce kawai. Rubutawa nake yi don kada a manta da su, ban san takardar asibiti nake rubutawa ba. Ranar da na cika hamsin maƙwabta suka girke min Saratu a ƙofa. Na ja ta na jefa a ɗakin kekuna na kulle. Yayyena biyu suna ƙasa, ni ce zan yi biki?”

Tineke ta kamo hannunta ta riƙe, haushin ya tafi bai sake dawowa ba.

Da aka sallame ta suka zauna su biyu a teburin girki suka rubuta wa dangi wasiƙu, suna bin kalandar wata bayan wata. Wasu suka je gwaji a makon, wasu sai da Tante Geesje ta bi su da waya har suka gwammace allura da muryarta. Ita kanta an gwada ta, ba ta da shi. Wadda ta fi ba su wahala Wietske ce.

“Mama, shekarata ashirin da ɗaya fa. Gudu nake yi kullum.”

Tante Geesje ta ce, “Uwarki ma keke take hawa kullum. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Sa takalmi mu je.”

Cikin mutum goma sha huɗu da aka gwada, shida suna da shi, har da Wietske. Tineke ta yi kuka ranar, tana ganin ita ce ta ba 'yarta mugun gado. Likitar ta ce mata wanda aka gano da wuri ya kama magani da wuri, jijiyoyinsa ba sa kaiwa inda nata suka kai. Wannan maganar ta riƙe, kuma har yau in ta ga kwalbar maganin Wietske a kan teburin girki sai ta ji sanyi a ranta.

Ta koma kasuwa bayan wata biyu. Masu sayen cuku suka sami abin tsokana, wani ya ce, “Ashe guba kike sayar mana!” Ta ce, “Tawa gubar daga gida na zo da ita. Kai dai je ka tambayi gwaggonka abin da ya kashe kakarka.” Tun ana ɗaukar abin wasa har ya zama duk macen da ta tsaya a rumfar ta yi ƙorafin gajiya, sai ta tafi da cuku da kuma wannan tambayar.

Shekara huɗu bayan haka, wata safiya ta Nuwamba, Tineke ta ji hayaniya a waje ta buɗe labule. Ga Wietske, ga maƙwabta da balan-balan, ga Tante Geesje dogare da sanda tana ba da umarni. A ƙofar gida an zaunar da Saratu a kujera, da tabarau da farin gashi na ulu. Tineke ta fito da silifas tana dariya, tana cewa wallahi sai ta rama. Tana isa kusa dariyar ta tsaya. Kwat ɗin da aka sa wa mutum-mutumin kore ne, maɓallinsa na sama ya bambanta da sauran. Ta san maɓallin. Ita ce ta ɗinka shi tana yarinya, ranar da na asalin ya ɓace wa mahaifiyarta.

“Tante, kwat ɗin Mama ne.”

“Shekara talatin da biyu yana cikin akwatina. Na ce ranar da ɗaya daga cikinku ta kai hamsin, ita da mai kwat ɗin tare za su ga Saratu.”

Tineke ta durƙusa a kan jiƙaƙƙen dutse ta kifa fuskarta a jikin kwat ɗin, ta yi kuka a gaban duk unguwa, abin da mutanenmu ba sa yi. Da ta ɗago ta ce, “Na gode, Tante. Ke kika kawo ni nan.”

“Tashi, za ki jiƙa gwiwa,” in ji tsohuwar, ita ma tana share ido da bayan hannu. Ta zaro kalandar daga jakar cefane, ta buɗe Nuwamba ta miƙa mata fensir. “Rubuta da hannunki. Ni hannuna ya saba da gicciye.”

Tineke ta ɗora kalandar a cinyar Saratu, ta rubuta hamsin kusa da sunanta, ta bar fili a gaba.