Safa a Hannun Mizuguchi-san

Ƙarfe bakwai na safe Mizuguchi Tomoe take ɗage ƙofar rumfarta, can saman gangaren garin Tokoname na ƙasar Japan, bayan tsohon murhun tukwanen da aka daina hurawa. Ba yumɓu take fara taɓawa ba. Babbar tukunya take ɗorawa, ta zuba rassan da ta tsinto, ta bar su suna tafasa. Ta sha koren shayinta a tsaye. Sannan ta ja aljihun tebur, ta zaro doguwar safa ta mata, shara-shara, ta zura hannun dama a ciki har gwiwar hannu. Aiki ya fara.

Shekara talatin da ɗaya ke nan. Sana'ar ba ta da suna. Masu ajiye maciji a gida cikin akwatin gilashi, ita ke yi musu kayan ciki: kogon yumɓu na ɓuya, reshen hawa, kwanon ruwa mai nauyin da ba ya kifewa. Ƙarshen Maris za ta ajiye aiki. Sanyin ƙashi ya lanƙwashe mata yatsu. Shekarunta saba'in da huɗu.

To me ya kawo safa? Duk wanda ya shigo sai ya tambaya. Ba ta cika amsawa da baki ba. Sai ta miƙo kogon da ta gasa ta ce a shafa. Mutum ya shafa, ya ce ai sumul yake. Ita kuma ta bi bakin ƙofar kogon da hannun safa, a hankali, har zare ɗaya ya maƙale ya tsinke. "Yatsa yana ƙarya," in ji ta. "Abin da ya kama safa zai kama cikin maciji." Ta koma kan samfefa.

Okabe-san mai awara, da ke jingine da rumfarta, ya daɗe yana tsokanarta.

"Tomoe-san, wannan safa da kike jibgowa, mu dai ba mu taɓa ganinta a ƙafarki ba. Wane ne saurayin?"

"Ba shi da ƙafa, shi ya sa nake sa masa a hannu."

"Allah ya kai mu biki."

"Ka zo da ɓera, ba ya cin awara."

Dokokinta kaɗan ne, amma ba ta sassautawa. Ba fenti. Ba ƙusa. Ba salatif ko da ɗan guntu, don ta taɓa ganin yadda yake saɓule fata. Ice sai ya dahu ya bushe kafin ya shiga akwati. Ƙofar kogo kuwa ba da kan maciji take aunawa ba, sai da cikinsa bayan ya ƙoshi. Mutane da yawa sun koma gida da abin da bai kai wanda suka zo nema kyau ba. Ba a ji wanda ya dawo da gawa ba.

Mizuguchi-san, ke ce mai ƙin kyau in kyan zai yi rauni. Ke ce mai tambayar abin da ba ya magana.

Maganar Udon ita ce aka fi sani a unguwar, kuma a gaban Okabe-san aka yi. Udon farin maciji ne siriri, shi ya sa aka sa masa sunan taliya. Na wata matashiya ce, Chisato, ma'aikaciyar jinya, da ke zaune da kakanta Kurihara Genzo. Genzo-san kafintan ɗakunan bauta ne, shekara hamsin yana harhaɗa katako ba tare da ƙusa ba. Da farko ko ɗakin da macijin yake ba ya shiga. Ran nan sai ya ce farin maciji ai alheri ne a gida, bai dace a bar shi cikin kwali ba. Ya rufe kansa a wurin aikinsa wata guda. Ya fito da ɗan ɗakin bauta mai rufi biyu, tsayinsa taƙi ɗaya, komai nasa cif. Aka saka shi cikin akwatin Udon ya zama maɓoyarsa. Wannan ne karo na farko da ya yi wa jikarsa wani abu da hannunsa tun rasuwar mahaifiyarta.

Mako uku bayan haka Udon ya daina cin abinci. Ya fara buɗe baki yana numfashi da ɗan fito. Likitan dabbobi ya ba da magani, ya yi sauƙi a asibiti, ya dawo gida ya koma. Likitan ya ce a kwashi duk abin da ke cikin akwatin a kai wa matar nan ta saman gangare.

Chisato ta zo da kayan a kwando, macijin a cikin jakar yadi. Genzo-san yana biye da ita, rungume da ɗan ɗakinsa, ya ƙi bari kowa ya ɗauka.

Mizuguchi-san ta duba kwanon ruwa. Ta duba reshe. Ta karɓi ɗan ɗakin, ta juya shi ta kowane gefe, ta daɗe tana kallon yadda rufin ya zauna. Ta bi shi da hannun safa, ciki da waje, lungu-lungu. Ko zare ɗaya bai motsa ba.

"Tun da nake, ban taɓa ganin abin da ya wuce safata haka ba," ta ce.

Genzo-san ya ɗaga haɓa. "Na gaya mata. Yarinyar nan gani take kakanta ya tsufa."

"Kaka, ni ban ce ba."

"Idonki ya ce."

Sai Mizuguchi-san ta kai ɗakin hancinta. Ta shaƙa. Ta sake shaƙa, ta rufe ido.

"Hinoki ne?"

"Wane irin tambaya? Ragowar wanda na yi ginshiƙi da shi ne. Shekara ashirin ina ɓoyonsa."

Hinoki. Icen da muke yin bahon wanka da shi don ƙamshi, wanda ake gina wa abin bauta ɗaki da shi. Wa zai zargi hinoki? Duk wanda ya tashi a ƙasar nan, in ya so girmama abu, shi zai ɗauko. Me ya sa ƙwaro ba ya cin sa shekara ɗari? Ba mu taɓa tambaya ba. Ita ta tambaya.

"Kurihara-san, me ya sa gara ba ta taɓa ginshiƙanka?"

"Man da ke cikin icen. Yaro ma ya sani."

"To rufe ido. Ka zama kamar igiya, hancinka a ƙasa, gilashi ta ko'ina, fitila tana gasa katakon nan daga sama. Ba taga. Nan za ka kwana, nan za ka yini."

Tsohon bai rufe ido ba. Fuskarsa ce ta yi ja. Okabe-san ya ce ya zaci rumfar za a tashi da ita.

"Ke mai kwaɓa laka, ke za ki koya mini ice?"

"Ice kai ne malaminsa. Ni maciji na sani. Aikinka ba shi da aibi ko ɗaya, hancinsa ne ba irin namu ba."

Chisato ta sunkuyar da kai tana shafa jakar yadin. Genzo-san ya ɗauki ɗakinsa ya fita, ko sallama. Mizuguchi-san ta zaro wani kogon yumɓu mara ado daga saman kantar rumfar, ta ba Chisato, ta ce a wanke akwatin da ruwan zafi a bar shi a iska kwana biyu, maganin likita kuma kada a fasa. Ta ƙara da cewa, "Kada ki yi masa maganar. Ki bar shi ya zo da ƙafarsa."

Kwana goma sha ɗaya gidan Kurihara ana cin shinkafa ba a magana. A na goma sha biyu Udon ya haɗiye ɓera.

Ke ce kika faɗa wa gwani gaskiya ba tare da kin karya masa hannu ba. Da kin yi shiru don girmansa, da macijin ya tafi, da yarinyar ta riƙe abin a ciki har abada, shi kuma bai san dalili ba.

Bayan wata biyu, da safe, tukunya na tafasa, sai ga Genzo-san a bakin rumfa. Ya ajiye ambulan a tebur. A ciki saɓar Udon ce, guda ɗaya daga hanci har wutsiya, ba inda ta yage. Ya ajiye guntun wani ice da ake kira nara a gefenta.

"Wannan fa? Shi ma guba ne?"

Ta shaƙa. "Wannan sai dai a dafa."

"A dafa ice." Ya girgiza kai. "Shekara hamsin ina tsare ice daga ruwa."

"Ga tukunya can. Ka kula da hannunka."

Tun daga ranar yake zuwa. Yau rabin abin da ke kan kanta aikinsa ne, kuma shi zai riƙe mabuɗin rumfar bayan Maris. Ɗan ɗakin hinokin yana nan a gida, a kan kanta kusa da hoton mahaifiyar Chisato, inda ƙamshinsa ba ya cutar da kowa.

Mizuguchi-san, mun gode. Waɗanda kika yi wa aiki ba su da bakin godiya, sai mu ara musu namu. Mai ajiye rai a akwati, ko maciji ne ko ƙadangare, kafin ya saka abin da ya ba shi sha'awa, ya tsaya ya tambayi kansa wa zai kwana a ciki. In bai san amsa ba, ya hau gangaren. Zai tarar da Genzo-san, dattijo mai shekara saba'in da takwas, fuska a murtuke, hannunsa cikin safar mata har gwiwa, yana bin bakin kogo a hankali, Okabe-san kuma yana leƙowa ta taga yana tambayarsa ranar biki.