Rigar da Umma Take Warwarewa

Kun taɓa ganin an warware rigar da ba a taɓa sawa ba?

Jiya da la'asar ina karanta wa Umma tsohuwar jarida a tsakar gida, da tuntuɓena da komai, tunda ni ba aji ne ya koya min ba. Muka zo shafin wasa ƙwaƙwalwa, wanda ta fi so. Na karanto tambaya. Ina ɗagowa sai na ga tana jan zaren rigar sanyin da ta saƙa wa jikanta, ɗan yayana, tana naɗewa a yatsu.

Na ce, "Umma, kuskure kika yi?"

Ta ce, "Ina! Yaron ne ya girma, an ce har ya fara rarrafe. Gara in ƙara mata faɗi kafin su kawo shi."

"Wa ya ce miki za su kawo shi?"

"Kai dai karanta min, sarkin baki. Yayanka aiki ne ya yi masa yawa."

Ashe tun ranar sunan yaron take saƙawa tana warwarewa, zaren har ya yi gashi. Ciwon gwiwa ya hana ta fita. Na ce ta ba ni in kai, ta ce sai ta gwada masa da hannunta. Mu muna Badarawa, su suna Malali fa, unguwar da ke nan kusa da mu, ba Legas ba.

Yaya, na san kana karanta rubutuna. Tunda ba ka ɗaga waya, amsa min nan gaban jama'a: yaushe za ka kawo mata yaron nan?