Tsohon Bajon Murdo

A garinmu na bakin teku, can arewacin Scotland, in ana maganar taurin kai sunan Murdo Cheyne ake fara kira. Ɗan masunta ne, amma ko jirgin da ke ɗaure ya hau sai ya yi amai, don haka yana da shekara goma sha bakwai ya shige soja. Can aka ga yana da iska a ƙirji da kunne mai kyau, aka miƙa masa algaitar salka, wato mai jakar iska da ake matsewa a hammata, ya shiga 'yan badujalar rundunar yankinmu. Shekara ashirin da biyu ya yi yana busa, sannan ya dawo gida ya kama gadin sito a tashar jiragen kamun kifi.

Bai dawo da wani abin a-zo-a-gani ba sai hularsa da bajon da ke jikinta, na farin ƙarfe, mikiya riƙe da kifi. Kowace Lahadi sai ya goge shi, har gashin fikafikan ya shafe saboda shan guga. Abu na biyu da ya dawo da shi shi ne Dod Geddes, wanda suka shiga soja rana ɗaya. Mai busa ba ya iya naɗa wa kansa dogon mayafin ulun da ke zagaye ƙirji a soke shi a kafaɗar hagu, sai wani ya ja masa ya tamke. Dod ke ja wa Murdo, Murdo ke ja wa Dod, tun suna samari har suka shiga ƙungiyar busa ta tsofaffin sojojin garin.

Sai gwamnati ta haɗe rundunarsu da wasu, aka fito da sabon bajo guda na kowa da kowa. Ƙungiyar ta zauna, aka ce a ɗaga hannu. Masu cewa a bi sabon suka rinjaya, kuma hannun Dod na cikinsu. Murdo ya dube shi, ya ɗauki algaitarsa ya fita. Shekara tara ke nan ko gaisuwa ba ta haɗa su ba. Duk ranar tunawa da 'yan mazan jiya, in ƙungiyar ta taso daga coci zuwa dutsen da aka rubuta sunayen waɗanda suka mutu a yaƙi, za ka ga Murdo tsaye a ƙofar kantin burodi da tsohuwar hularsa, fuska a murtuke. Mu dai mun san kewa ce ke cinsa, amma wa zai gaya masa?

A shekara ta goma, wajen watan Satumba, Ishbel matar Dod ta same shi a sito.

"Murdo, ka ji abin da ya sami mutuminka?"

"Ba ni da mutumi."

"To, wanda ba mutuminka ba ɓarin jikinsa na dama ya shanye tun watan Yuni. Ƙafar ta ɗan dawo, hannun ne shiru. Likita ya ce kada mu sa ran wata shekarar da yawa. Shi kuma ba abin da yake so sai ya shiga faretin bana, Kerr ya hana."

Murdo ya ci gaba da aikinsa. Amma da yamma sai ga shi a ɗakin atisaye, gaban Kerr Imrie, sarkin busan ƙungiyar, wanda a haife Murdo ya haife shi. Murdo ya ce masa a bar Dod ya shiga faretin.

"Baba Murdo, mutumin da yatsunsa ba sa motsi me zai busa?"

"Kai yaro, yau aka fara? A toshe masa ƙaramin bututun mai ramukan yatsu, a bar manyan bututun nan uku na kafaɗa su yi ta gurnani. Rabin waɗanda ke sahunka na baya ma da haka aka yi musu da an huta."

Kerr ya yi dariya, ya sosa ƙeya. "In ya faɗi a tsakiyar titi fa? Sai da wanda zai taka kafaɗa da kafaɗa da shi, kuma duk sun ce ba za su ɗauki wannan nauyin ba."

"Ga ni."

"Madalla. Amma ka san doka, Baba. Duk wanda ya shiga sahu, bajo ɗaya."

Murdo ya fita yana huci, ya buga ƙofa. Washegari da hantsi ya ƙwanƙwasa gidan Dod. Da suka haɗa ido babu wanda ya tayar da tsohon zance. Abin da Murdo ya ce kawai shi ne, "Tashi, malalaci, sa takalminka."

Mako bakwai suka yi suna taka bakin gaɓa, ruwa ko iska. Ranar farko taku talatin Dod ya yi ya zube a kan benci yana kuka. Murdo ya jira ya gama, ya ce saura talatin. Ya auna nisan coci zuwa dutsen da ƙafarsa, taku ɗari tara da ashirin, kullum yana ƙara musu kaɗan. Maganar Dod a karkace take fita, amma bakin bai mutu ba.

"Shekara tara kana gaba da ni, ashe kashe ni kake shiri."

"Yi mini shiru ka ɗaga ƙafar. Kana jan ta kamar buhun dankali."

Sau uku Murdo na komawa wurin Kerr kan maganar bajo, sau uku yana dawowa da amsa ɗaya. A ƙarshe ya lallashi kansa da cewa awa ɗaya ce, in an tashi ya mayar da mikiyarsa.

Ranar ta zo da sanyi mai ratsa ƙashi. A ɗakin da ke bayan coci ya shirya Dod tsaf, ya ja masa mayafi har sai da ya yi nishi. Sannan ya zauna, ya ɗora hularsa a gwiwa, ya juya cikinta. Bajon yana da 'yan kunnuwa biyu a baya da suka huda yadin, da siririn ƙarfe da aka zura ya riƙe su. Ƙarfen nan bai taɓa fita ba tun ranar da aka sa shi, gumi da gishirin teku sun cinye shi. Ya ja da yatsa, ya ƙi. Ya karɓi filaya, ya murɗa a hankali. Sai ji aka yi ƙas, kunne ɗaya ya ɓalle, ɗayan ya tsage ya biyo shi.

Kowa a wurin ya san ƙarfen da ya sha guga haka ba ya ɗaukar walda, wannan bajon ya gama hawa hula. Murdo ya daɗe yana kallonsa a tafin hannu, kuma wallahi ya ba mu tausayi. Dod ya matso yana jan ƙafa, idonsa cike da ƙwalla.

"Murdo, bar shi. Na haƙura, mu koma gida."

Murdo ya zura mikiyar a aljihun ƙirji, ya miƙa wa Kerr hannu ba tare da ya dube shi ba. Kerr ya ajiye masa sabon bajo. Ya soke shi, ya kafa hular a kai, ya miƙe. A waje an fara buga ganga.

Ya shiga gefen dama na Dod, ya manna kafaɗarsa da matacciyar kafaɗar, ya ce, "Gida ina? Da ƙafar hagu za ka fara. In ka ji za ka faɗi, faɗo kaina."