Layukan Garin Shinkafa a Ƙofar Velusami

Shekara talatin Velusami ya yi da tankin feshi a baya, yana bin gonakin ayaba na ƙasar Theni. Ba mai son zama ba ne. Ko shayi a tsaye yake sha. Da hannunsa ya fara karkarwa, likitan Madurai ya ce ciwon Fakinson ne, ya yi ta tambayar irin maganin ciyawar da ya shaƙa. Mai maganin gargajiya ya ce iska ce ta cika masa jijiyoyi, ya ba shi garin 'ya'yan karara a madara, da man riɗi na tausa. Likita ya ce ya sha, amma kada ya bar ƙwayoyinsa.

Karkarwar ta lafa. Ƙafafun ne suka ƙi. Da ya zo bakin ƙofa sai su kafe kamar an dasa su, alhali zuciyarsa ta riga ta kai titi.

Ɗansa Ilango ya bugo waya daga Chennai. "Baba, ran Lahadi zan zo in ɗauke ka. Sai fa in na tarar kana kai kanka rumfar shayi."

Gidan Ilango kuwa can saman bene yake, hawa tara. Velusami ya yi kwana uku yana kokawa da dokin ƙofa, yana zufa, yana zagin ƙafafunsa.

Kowace safiya matarsa Ponnutayi takan yi zanen ado da garin shinkafa a ƙofar gida. Ran Alhamis zanen ya matso har gindin ƙofar.

"Baban Ilango, kar ka taka min zane."

"Ni da ko motsi ba na yi? Ki gaya wa akuya."

Ya dubi farin layin. Ƙafa ta ɗagu, ta tsallake, sannan ta sake kafewa. Ponnutayi ta ɗebo gari. Ta duƙa ta ja wani layin a gabansa.

Ran Lahadi Ilango ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya har rumfa. Ya sami uban a tsaye, rabin shayin ya zube a rigarsa.

"To yaya za ka koma? Tururuwa sun fara cinye hanyar."

"Uwarka na da sauran shinkafa."

"Ta abincin rana ce," in ji Ponnutayi, da ke tsaye a bayansu. Amma ta riga ta duƙa.