Kujera Ɗaya, Fasinja Biyu

A ofis ba mai kiran sa da sunan yanka, Jan Biro ake ce masa. Shekara goma sha huɗu yana aiki a kamfanin da ke rubuta manhajar sayar da tikitin mota, kuma aikinsa ɗaya ne, tono kuskuren mutane. Ko a gida bai bar halin ba. In 'yarsa ta kawo littafin makaranta, sai ya gyara mata, ya kuma gyara wa malamin da ya gyara mata. Matarsa kan ce da da hali, da miyarta ma ya sa wa maki.

Abin tinƙahonsa wata manhajar bincike ce da ya ɗora a kan kompaila, wato abin da ke juya rubutun masu shirya manhaja zuwa yaren kwamfuta. Manhajar tikiti tana aiki da hannuwa da yawa a lokaci guda, kowane hannu riƙe da manuni, kamar takardar adireshi, mai nuna masa inda zai yi rubutu a ƙwaƙwalwar kwamfuta. In manunai biyu suka nuna wuri ɗaya, hannu biyu suka kai tare, ɓarna ta auku. Manhajar binciken tasa kan ɗauki manunai bibbiyu ta ce ɗaya ne, ko ba ɗaya ba ne, ko watakila. Duk inda ta ce watakila, dole Jan Biro ya zauna ya bi da ido.

Shekara shida da suka wuce aka fara sayar wa fasinja biyu kujera ɗaya. Ba kullum ba, amma ya isa a riƙa cin kwalar juna a tasha. Wadda ta rubuta sashen kujeru wata mace ce shiru-shiru da ake kira Anti Gilashi. A taro Jan Biro ya miƙe, ya ce bincikensa ya wanke ko'ina, saura nata. Wata uku tana nema ba ta ga komai ba. Aka sa hannuwan bin layi ɗaya bayan ɗaya, matsalar ta lafa, ita kuwa aka mai da ta ƙasan bene tana amsa wayar masu ƙorafi.

Ranar Talatar nan sabon manaja ya ce bin layin nan ya sa manhajar nawa wajen aiki, a sake duba duk tsofaffin watakila da aka rufe. Kafin sha ɗaya na safe Jan Biro ya ci karo da wani tsohon layin rubutu a ƙarƙashin wata watakila: "Na duba, ba ɗaya ba ne." Ga sa hannunsa a ƙasa. Manunan nan biyu kuwa kujera ɗaya suke nunawa, ko makaho ya shafa zai ji.

Ya tuna ranar sarai. Watakila arba'in da ɗaya gare shi, ya bi arba'in, 'yarsa na tsaye a ƙofar makaranta an tashi tun ɗazu. Ta ƙarshen bai duba ba, rubutawa kawai ya yi.

Kunya ta rufe shi har ya kasa kallon allon. Goge layin danna maɓalli ɗaya ne, kuma ba wanda zai tambaya. Ya zauna har shayinsa ya huce, sannan ya sauka ƙasan benen.

Ya tarar da Anti Gilashi tana ba wani haƙuri a waya. Gashinta ya fara furfura a gefen ɗankwali. Ya jira ta ajiye.

"Malama, maganar kujerun nan ce," ya ce. "Ba ke ba ce. Akwai wani layi da na rufe..."

"Wanda ka rubuta ka duba?" ta ce, tana gyara gilashi. "Ai na gan shi tun makon farko. Har na yi shakka."

"To, me ya hana ki magana?"

"Haba Malam, sa hannunka fa na gani. Na ce Jan Biro ba ya kuskure, sai na koma ina neman laifin a nawa."

Wayar ta sake ƙara. Ta ɗauka, ta yi sallama, ta tambayi mai kiran lambar kujerarsa.