Dattijon da Ke Zaɓen Muciya

A kasuwar Kwanar Dangora wani dattijo yana tsugune gaban mai sayar da muciya, sai waige-waige yake yi. Rigarsa fes, gemunsa fari tas. Ya ɗauki babbar muciya, irin ta tuwon mutum ashirin, yana juya ta a iska.

"Baba, Hajiya ce ta aiko ka?" in ji mai kayan.

"Ita ce," ya amsa da sauri.

Ni dai ban yarda ba. Ɗan aike ba ya gwada muciya haka, ga bayan hannunsa duk tabon ƙuna. Ina zargin Hajiya ta daɗe a kwance, shi ke tuƙa wa gidan tuwo a ɓoye.

Ya cusa muciyar cikin riga, ya bi ta bayan rumfuna.